In Kyamarar Jam'iyya Tana Ɗaukewa Tana Dawowa

A watan Disamba da ya wuce mun kai ziyara wurin wata jam'iyyar gama kai ta manoma a gefen Madadi, cikin Ƙaramar Hukumar Gwarzo. Maganar ajiyar wake ce ta kai mu, amma da muka zauna a gindin darbejiya sai muka tarar abin da ke cin 'yan jam'iyyar daban ne. Kyamararsu ta bidiyo ta ba su kunya a bainar jama'a.

Kyamarar nan ta hannu ce, watau an yi aiki da ita a wata ƙasa kafin ta zo, sun kuwa saye ta a Kano da rarar damina biyu. Da ita su ke ɗaukar malamin gona sa'ad da ya zo nuna yadda a ke haɗa takin rami ko wanke iri da magani, domin matan da ba su sami fitowa ba su kalla da dare. Har wa yau suna ba da ita haya wajen biki da suna da ranar godiyar girbi, kuɗin ya shiga asusu. To, an ɗauke ta haya zuwa wani biki ta wajen Kabo. Ana tsakiyar ɗaurin aure sai ta mutu. Saurayin da ke riƙe da ita ya kunna, ta kama, ya ɗaga ta, ta sake ɗaukewa. Haka ta yi ta yi har aka watse. Dangin ango suka karɓi kuɗinsu, ba wanda ya ga laifinsu. Amma magana ta dawo kan yaron, waɗansu suna cewa lalle ya yar da ita ne ya ɓoye. An nuna ta ga wani mai gyara, ya juya ta sau biyu a hannu, ko sukuru ɗaya bai kwance ba, ya ce fanel ya ƙone, ya yanka kuɗin da ya kusa sayen wata.

Shugaban jam'iyyar, wani dattijo, ya ce mana, “Malam, in ta mutu ku faɗa mana gaskiya, mu san na yi.” Muka tambayi saurayin, “Samari, in ka ajiye ta a kan tebur, tana ɗaukewa?” Ya ce, “A'a, Malam, sai in na motsa ta.” Da jin haka muka ce, “Baba, ba ta mutu ba.” Gama abin da ya ƙone ya ƙone, ba ya tashi don an ajiye shi a kan tebur. Na'urar da ke aiki yanzu, ta tsaya an jima, ta dawo in an taɓa ta, yawanci wani haɗi ne ya yi sako-sako a cikinta. Irin wannan gyara kuwa sau da yawa ba ya cin ko kuɗin mudun gishiri.

Wani zai ce, me manomi zai yi da kyamara yau, ga wayar hannu a kowane aljihu tun da ta shigo ƙasar nan a 2001? Gaskiya ne waya tana ɗaukar hoto mai kyau. Amma kyamara tana jawo abu na nesa ba tare da hoton ya dushe ba, tana zama a kan ƙafafunta sa'o'i, ba kuma wanda zai kira ka a kanta ana tsakiyar aiki. Da irin waɗannan ƙananan kyamarori aka soma finafinan Hausa na bidiyo a Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A ƙauyukan jihar Maradi ma, a 2015, an yi ta ɗaukar mutanen gari da kansu suna nuna abincin yara da tsabtar gida cikin Hausa, a haska wa maƙwabtansu. Manomi ya fi yarda da abin da ya ga ɗan'uwansa yana yi. Banda haka, abin da za mu faɗa a nan ya shafi rediyo, da tocila, da fitilar sola, da injin feshi mai batir. Ciwonsu ɗaya ne.

Me Ke Sa Haɗi Ya Saki

Masu noman rani sun san in bakin kwalbati ya toshe, ko tiyo ya zame daga bakin injin, ruwa ba zai kai kwami ba, ko da rijiya cike ta ke. Wutar lantarki haka ta ke. Tana fitowa daga batir, ta bi ta hanyoyi, ta yi aikinta, ta koma batir. A cikin kyamara hanyar nan ba guda ce miƙaƙƙiya ba. Gaɓa-gaɓa ce: inda batir ya taɓa 'yan ƙarafan kyamara, inda kan caja ya shiga raminsa, inda waya ta shiga bakin da ke riƙe ta a kan koren allon nan da masu gyara ke kira fanel, da ɗaruruwan ɗigon dalma. Gaɓa ɗaya ta saki, ko da kaurin gashi ne, aiki ya tsaya.

Abu na fari da ke sakin su a wurinmu shi ne jijjiga. Masu ƙera kyamara ba su yi ta domin a ɗaure ta da roba a bayan babur a bi gargadar hanyar ƙauye ba. Haka kuwa aka kai wannan har Kabo. Na biyu ƙura da gumi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ƙurar hunturu ba ta jiran tsaga, ta ramin makirfo ma shiga ta ke yi. In ta gamu da gumin hannu ko laimar damina sai ta zama datti mai kauri a kan ƙarfe, wani lokaci har ya yi kore. Na uku zafi da sanyi. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, cikin jakar da aka bari a rana kuwa ya wuce haka nesa, da asubar Janairu kuma ya sauko wajen 13. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Yau da gobe sai ɗigon dalma ya tsage, musamman inda a ke yawan sa waya ana cirewa.

Ku Saurari Kyamarar Tukuna

Kuskuren da muka fi gani shi ne gaggawar ɗaukar sukudireba. Mai magani na kirki yakan tambayi marar lafiya kafin ya buɗe jaka. Kafin kome, ku cire memori ku juye abin da ke ciki a kwamfuta ko waya, gama bikin mutane da ke ciki ya fi kyamarar tsada, ba a maimaita shi. In mai kaset ce, a fitar da kaset tun tana kamawa, domin ƙofar kaset ba ta buɗuwa sai da wuta.

Sa'an nan ku zauna da ita a kan tebur, ku kunna, ku riƙa taɓa wuri ɗaya-ɗaya, mutum guda yana rubutawa. Ku danna batir da babban yatsa, ku saki. Ku cire batir ku gwada ta da wayar wuta kaɗai, in irin wadda ke aiki haka ce. In tana aiki lafiya da wayar wuta amma tana ɗaukewa da batir, laifin yana wurin batir ko inda ya ke zama. In kuwa da batir lafiya ta ke, amma caji yana kamawa yana saki in an motsa kan caja, to ku ari wata caja irin tata ku gwada. Sau da yawa wayar caja ce ta karye daga ciki, daidai wuyanta, roba ta rufe asirin. In da cajar aro ma haka ta ke yi, ramin cajar ne.

Allon kallo, watau ɗan gilashin nan da a ke buɗewa a gefe, shi ma yana da nasa labari. Ku buɗe shi sannu sannu, ku juya shi. In ya yi fari, ko baƙi, ko ya ja layuka a wani mataki, ya gyaru a wani, kada ku yi saurin cewa kyamara ta lalace. Ku ɗauki hoto na minti ɗaya a haka, ku kalla a talabijin ko kwamfuta. In hoton ya fito garau, idon kyamara da ƙwaƙwalwarta lafiya su ke, wayar da ke kai hoto zuwa allon ce kawai. Amma in hoton da aka ɗauka shi ma ya fito da layuka, ko ya rine, ko baƙi ƙirin ga murya tana fita, to abin ya yi zurfi, za mu zo kansa. Murya mai ƙarar-ƙarar kuwa, in kuna sa makirfo na waje, ku cire shi ku gwada da na jikinta.

Ta Madadi da muka yi mata wannan tambaya sai ta amsa da ciwo biyu. In an danna batir ba ta ɗaukewa. Allon kuma yana yin fari in an buɗe shi ya wuce rabi. Na biyun ya daɗe, saurayin ya saba da shi, yana buɗe allon rabi yana leƙe, bai faɗa wa kowa ba don tsoron faɗa.

Ciwon batir ba ya bukatar buɗe kome. Muka duba 'yan ƙarafan da batir ke taɓawa, ga su sun yi duhu, ɗaya kuma ya kwanta, ba ya tasowa kamar 'yan'uwansa. Muka goge su da robar goge rubutun fensir, sa'an nan da auduga a kan tsinke da aka ɗiga wa sifirit kaɗan, muka bari ya bushe sarai. Wanda ya kwanta muka ɗago shi da tsinken sakace, kaɗan ƙwarai, gama in ya karye an shiga uku. Ɗan makullin roba da ke riƙe batir ya cinye, sai muka naɗe 'yar takarda muka sa a bayan batirin ta cike gurbin. Aka girgiza ta, aka ɗaga, aka sunkuyar, ba ta ɗauke ba. Dattijon nan ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya ce wa saurayin, “Ɗana, ka yi haƙuri da mu.”

Kada a kankare ƙarafan nan da reza ko sanfefa. Ruwan zinariya ne a kansu, siriri ainun, shi ke hana tsatsa, in an kankare shi bayan wata biyu ciwon zai dawo ya fi na da. Kada a sa fetur, ko kananzir, ko baƙin mai. Kada kuma a hura da baki, gama numfashi ruwa ne. Buroshin haƙori sabo busasshe ya isa. Mari kuwa, wanda mu ke yi wa rediyo ya dawo, a daina. Yana haɗa abin da ya saki na ɗan lokaci, yana kuma sakin waɗansu uku.

In kuna da mitar gwada wuta, ku auna batirin. Wanda aka rubuta wa 7.2 ko 7.4 yakan nuna wajen 8.4 in ya cika, na 3.6 ko 3.7 kuma ya nuna 4.2. Batirin da ya kumbura kuwa ba gyara gare shi. Kada a huda shi, kada a matse shi ya shiga da ƙarfi, kada a kai masa ƙarfe mai zafi, kada a jefa shi a murhu ko a bar wa yara. Irin wannan batir in ya kama wuta ɗaki ya ke ci.

In Ya Zama Tilas A Buɗe

Kafin a kwance sukuru na fari, a kai maganar gaban taro. Kayan jam'iyya ba na mutum ɗaya ba ne, in kuwa an yi gyaran gangar Auzinawa, wanda ya buɗe shi kaɗai a ɗaki ba shi da bakin magana. Jam'iyya ta yarda, magatakarda ya rubuta, mutum biyu su zauna tare da mai aikin. In kyamara sabuwa ce da takardar garanti wadda ba ta ƙare ba, kada a buɗe sam, a mayar wa mai kanti. Wa zai yi aikin? A ganinmu ba lalle sai wanda ya fi karatu ba. A nemi mai sanyin hannu da kaifin ido, wanda ba ya fushi da ƙaramin abu. A wata jam'iyya mun ga mace mai ɗinki ta fi samarin duka, don ta saba da zare da allura, da kwance keken ɗinki ta mayar.

A yi aikin da safe, cikin ɗaki mai haske, a rufe taga ta wajen iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. A shimfiɗa farin ƙyalle na auduga a kan tebur. Ana bukatar ƙaramar sukudireba mai baki giciye, lamba 0 ko 00, irin ta masu gyaran waya, da hantsaki, da tsinken sakace, da tsohon katin roba, da kiret ɗin ƙwai, da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Sukudirebar nan a saye ta kirki, ana samunta a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wadda bakinta bai zauna daidai ba tana cinye kan sukuru, sukurun da kansa ya cinye kuwa ya fi ciwon da ya kawo ku wuya. A danna ƙasa sosai sa'an nan a juya.

Ga wani haɗari da ba a gani. Kun lura da hunturu, in mutum ya tuɓe rigar leda cikin duhu sai ya ji tas-tas, har ya ga tartsatsi? Wuta ce da ke taruwa a jiki in iska ta bushe. Mu ba ta yi mana kome, amma wadda ba ta kai mu ji ba ma tana iya kashe ƙananan kayan da ke kan fanel. Saboda haka mai aikin ya sa rigar auduga, ya tuɓe takalmin roba ya taka ƙasa, ya taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ya soma da duk lokacin da ya tashi ya dawo. Fanel kuma a gefe a ke riƙe shi, kamar yadda a ke riƙe hoto.

A cire batir, da wayar wuta, da memori. In kyamarar tana da fitilar walƙiya ta ɗaukar hoto, ku sani akwai wani ɗan gwangwani a cikinta, kwandensa, mai ajiye wuta wajen volt 300, yana kuwa riƙe ta bayan an cire batir. Kada yatsa ko ƙarfe ya kusanci ƙafafunsa.

Sukurun kyamara kamarsu ɗaya a ido, amma tsawonsu ya bambanta. Dogo in ya shiga ramin gajere yana huda abin da ke ƙasa. Don haka a zana kyamarar a takarda, kowane sukuru da aka cire a ba shi lamba a kan zanen, a sa shi a nasa ramin cikin kiret ɗin ƙwai. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Waɗansu sukurun suna ɓoye a ƙarƙashin batir, ko bayan allon kallo, ko cikin 'yan murafun roba, ko ƙarƙashin maɗaurin hannu. In murfi ya ƙi tashi, kada a yi masa dole, akwai sauran sukuru ko ɗan haƙorin roba da ke riƙe da shi. A bi gefen da katin roba, ba da wuƙa ba. In ya tashi kuma kada a fizge. A ɗaga shi kamar mai buɗe littafi, a leƙa, gama kusan kullum akwai waya da ta haɗa murfin da uwar jiki, gajera ce kuwa.

Yawancin wayoyin ciki ba irin na gida ba ne masu zagaye. Faffaɗa ne, sirara kamar zaren kaset, masu ruwan ƙasa ko fari, da layukan tagulla jere a jikinsu. Masu gyaran waya suna ce musu fileks. Tsakanin layi da layi rabin milimita ne, wani lokaci bai kai ba. Bakin kowace yana shiga wani ɗan akwati a kan fanel, akwatin kuwa yana da makulli. Wani makullin ɗan murfi ne baƙi ko ruwan ƙasa da a ke ɗagawa sama da farce ko tsinke. Wani kuma a ke jawo shi waje kaɗan ta kunnuwansa biyu. Nan ne wurin da ya fi kowane bukatar haƙuri. Wanda ya ja fileks bai buɗe makulli ba zai yage ta, wanda ya ɗaga makulli ta gefen da ba shi ba zai karya shi. Ku duba da kyau, ku kwatanta shi da na kusa, ku ja hoton a waya ya girma ku gani. In makullin ya buɗe, wayar takan fito ba tare da an ja da ƙarfi ba.

Abin da ku ke nema shi ne wayar da ta karkace a bakinta, gefe ɗaya ya shiga ɗaya ya fito, ko makullin da ya ɗaga, ko datti a kan 'yan layukan zinariya na bakin wayar. A zare ta, a goge bakin da auduga da ɗan sifirit, daga ciki zuwa waje, a bari ya bushe. A mayar da ita miƙe, ta shige har ƙarshe, fuskar da ke sama da ta koma sama. Waɗansu suna da farin layi a jiki mai nuna iyakar shigarta, layin ya zama ya yi daidai da bakin akwatin daga gefe zuwa gefe. Sa'an nan a rufe makulli. Kada a sa gam mai kama nan take a ko'ina cikin kyamara. Yana bin cikin akwatin ya raba abin da ku ke so ku haɗa, tururinsa kuma yana sa gilashin ido ya yi hazo. Ɗan salatif a bayan wayar ya isa. Ku taɓa wadda ku ke zargi kaɗai, sauran ku bar su, ko da hannu yana ƙaiƙayi. Gilashin ido da gangar da kaset ke zagayawa ba ruwanku da su.

Ta Madadi, fileks ɗin allon kallo ce ta zame daga gefe guda. Da aka mayar, aka ɗora murfi ba a ɗaure ba, aka sa batir, allon ya buɗe har ƙarshe bai yi fari ba. Amma mun gaya musu gaskiya, wannan sa'a ce. Wayar nan ta wurin da allon ya ke juyawa ta ke bi, kowace buɗewa tana lanƙwasa ta. Sau da yawa ba zamewa ta ke yi ba, layukan ne ke karyewa a cikinta. In kun haska ta da tocila kun ga tsaga ko wurin da ya yi fari a lanƙwasar, ba ta liƙuwa, sai sabuwa. A rubuta lambar kyamara da ke ƙarƙashinta a tafi da ita wurin masu sayar da kayan gyara. Kafin a samu, in kyamarar tana da ɗan ramin leƙe na ido, sai a rufe allon a ci gaba da aiki da shi.

Inda Hannun Manomi Ya Tsaya

In ramin caja ne ke rawa, ko kun ga zobe siriri ya zagaye ƙafar wani abu a cikin ɗigon dalma, kun gano ciwon, amma maganinsa na mai gyara ne. Wanda ya saba liƙa wayar lasifika ko ta injin feshi kada ya ɗauka ɗaya ne. Tun Yuli 2006 ƙasashen Turai suka hana sa gubar dalma a yawancin kayan lantarki, masu ƙera kaya kuwa suka koma wani haɗi na kuza. Tsohon haɗin yana narkewa a digiri 183, sabon sai wajen 217. Ƙarfen da aka ɗora a garwashi ba ya tsayawa a zafi ɗaya, kansa kuma ya fi ƙarfin wurin, sai ya ɗago layin tagulla daga fanel ko ya haɗe ƙafafu biyu. Masu gyaran waya a Gwarzo da Kano suna da kayan wannan aiki. Bambancin shi ne yanzu za ku je kuna cewa, “Ga wurin nan, ramin caja ne ya tsage,” ba “Ta mutu” ba. Kuɗin maganganun nan biyu ba ɗaya ba ne. Ku ce a yi a gabanku, abin da aka canja kuma a ba ku tsohon.

Akwai kuma sakin da ba mai iya kai masa hannu. A 2005 kamfanin Sony ya sanar cewa idon hoto da ya ƙera tsakanin 2002 da 2004, wanda ke cikin kyamarorinsa da na waɗansu kamfanoni, yana iya lalacewa a wuri mai zafi da laima. Waɗansu wayoyi ne da ba su kai kaurin gashi ba su ke saki a cikin idon kansa, hoto ya rine ko ya yi baƙi. A lokacin an canja wa mutane kyauta. Tsofaffin kyamarori na shekarun nan har yanzu sukan faɗo cikin kayan gwanjo. In taku tana ɗaukar murya, rubutun allo yana fita, amma hoto babu, ku auna kuɗin gyara da kuɗin wata kafin ku biya kuɗin motar kilomita 70 zuwa Kano.

Wajen rufewa a bi hotunan waya daga na ƙarshe zuwa na fari, a tabbata ba wayar da murfi ya danne. Sukuru a ɗaure shi ya zauna kawai, gama cikin roba ya ke shiga. 'Yan Madadi sun yanka tsohuwar katifar soso sun yi wa kyamarar gado cikin wani bokitin fenti mai murfi. Sun yi doka cewa a kan babur rataya ta za a yi a jiki, ba ɗaurewa a baya ba, a kuma cire batir in za ta kwana. Magatakarda ya buɗe mata shafi a littafin jam'iyya: wa ya ɗauka, yaushe, da abin da ya lura da shi, ba tara a kan wanda ya faɗi ciwo da wuri. Saurayin nan shi aka bar wa riƙonta. Da muka ƙirga ramukan kiret ɗin ƙwai a ranar, sukuru ɗaya ya ragu, sai da aka sake buɗe gefen maɗaurin hannu aka sami gurbinsa.